Sunanka da Na Mayar Harafi Ɗaya

Zuwa ga mahaifina, Allah Ya jiƙan ka.

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji.

Jerin nan ya fito shekaranjiya, wanda na daɗe ina damun ka da zancensa: jerin manyan masana aikin injiniya, inda ake auna mutum da yawan yadda wasu masu bincike suka ambaci aikinsa a rubuce-rubucensu. Na shiga, Baba. Can ƙasa nake, amma na shiga. Waya sai ruri take, kowa barka yake yi mini. Ni kuwa na kulle ofis na zauna, saboda wata biyar ke nan da muka kai ka makwancinka.

Ranar da na fara yi maka bayanin ambato, kana tsugune bakin fadama, ka kwance injin ban ruwan wani mai albasa, hannunka duk baƙin mai. Ka ɗago ka ce, "Su wa ka ambatonka? Da alheri dai ko?" Na ce da alheri. Ka ce to madalla, ka ci gaba da wanke fulogi.

A wurinka na koyi sauraron inji. Kana jin kukansa daga nesa za ka ce wannan yashi ya sha, wancan iska yake ja. Takardar bincikena da aka fi ambata, a kan yadda yashi ke cin cikin famfon ban ruwa, rabinta daga bakinka na kwaso ta.

Ga inda na ɓata. Da zan buga takardata ta farko, na rubuta sunana kamar yadda aka rubuta mini tun firamare, kamar yadda duk muke yi: Nasiru Labbo Goronyo. Ban san cewa a duniyar bincike sunan ƙarshe kawai ake kira ba. Suka ɗauka Goronyo ne ubana. Aka buga "Goronyo, N. L." Kai da ka kashe ƙarfinka a kaina, ka koma harafi ɗaya da ɗigo.

Na kawo maka takardar da murnata. Ba ka yi boko ba, amma kalma biyu ka sani: sunan garinmu da kake gani a allon tasha, da naka da aka rubuta da fenti a ƙofar rumfarka. Ka bi layin da yatsa, ka sake bi. Ka ce, "Wagga Goronyo ce, na gane ta. Ni ina nike?" Na nuna maka L. Ka daɗe kana kallonta, sannan ka yi murmushi ka ce, "To, garinmu ya gode." Ka naɗe takardar ka sa aljihu.

Abin da ban taɓa faɗa maka ba shi ne, ina iya gyarawa. Na tambaya, aka ce idan na sauya suna, na'urar da ke ƙirga ambato za ta iya ɗaukata a matsayin mutum biyu, lissafina ya rabu, jerin ya wuce ni. Sai na ce bari in shiga tukuna, daga baya in gyara. Kowace shekara haka nake cewa. Na zaɓi jerin a kanka, Baba, kuma ina sane. Wannan ne ke ci na.

Da muke kwashe kayan rumfarka, Inna ta miƙo mini takardar. Ta yi laushi saboda naɗi. Ka zagaye L ɗin da tawadar allo, a gefe ka rubuta cikakken sunanka da ajami, ƙanana-ƙanana, kamar mai jin nauyin kada a gani. Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Jiya na aika sabuwar takarda da sunanka a ƙarshe. Abokan aiki sun ce na yi wauta, wataƙila baɗi ba a gan ni a jerin ba. Ban damu ba. Damuwata ita ce yatsan da zai bi layin ba ya nan.

Ka yafe mini, Baba. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya shayar da kai kamar yadda ka shayar da gonakin mutane, Ya sa a ambace ka da alheri a inda ambato ke da amfani. Amin.

Ɗanka,
Nasiru Labbo