Faifan Yamai

Laraba da dare, Kakuri.

Faifan da Malam Isufu, wanda muka haɗu a taron horon kwamfuta, ya aiko daga Yamai ta hannun direban bas ya jawo mini magana yau. Na ɗora manhajar kyauta da ke cikinsa a kwamfutoci shida na makaranta ban duba harshe ba, duk suka tashi da Faransanci. Laifina ne. Ni da nake rubuta kowane mataki a takarda, na tsallake na farko.

Firinsifal ya tsaya bakin ƙofa yana dariya. "Yakubu, sojoji sun tafi, kai kuma ka kawo mana Faransawa? Ai ka ga halin kayan kyauta. Ka goge kafin Litinin, a sayo na kasuwa."

Na kasuwa na sata ne, ya sani. Bairos ɗinsa ne ya cinye sakamakon jarrabawar bara, ni na sake bugawa.

Na je kafen intanet a Kamazou na rubuta wa waɗanda muka yi taron horo tare. Madam Efua ta Gana ta amsa da layi biyu kan yadda ake sauya harshe. Na dawo na gwada a ɗaya, ta koma Turanci.

Sakandare kawai na yi, wataƙila ban isa ba. Amma a taron mun yi alkawari: duk wanda faifai ya iso hannunsa, ya kwafi uku ya tura gaba. Ba a kaina zai tsaya ba. Gobe ɗaya zai kama hanyar Kamaru.

Ba zan goge ba. Ran Litinin zan ja masa kujera, ya nuna mini abin da na kasuwa ke yi wanda wannan ya kasa.

Saura kwamfuta biyar.