Rumbun da Muka Hana Ka Shiga

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya sa kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana da rai ma, sai dai ka juya ta sama da ƙasa, ka ce in faɗa maka da baki tunda Allah ya ba ni shi. To, ban faɗa ba, ga shi ina rubutawa.

Gida lafiya, sai gajiya. Ƙafa ta matsa wa Inna, ta daina zuwa kasuwar Gecheme. Hatsi ya yi daidai gwargwado. An cire wanda kumandan, Baturen mulki, ya ce a kai rumbun tsimi, sauran ya kusa cika rumbunka. Gangarka na rataye inda ka bar ta, fatar ta fara tsagewa. Hanyar nan kuwa an gama ta, motoci na bi har Dogon Dutsi. A cikin ɗaya ma na zo, na zauna abina kamar ban san yadda aka yi ta ba.

Kai ka sani. Rani uku gardawan kumandan, wato dogarawansa, suna tafiya da kai tare da masu aikin dole na hanyar, ba don ka riƙe diga ba, sai don ka yi musu kiɗa kada hannunsu ya yi sanyi. Tun hantsi har faɗuwar rana kana kaɗa wa mutanen da ka yi kiɗan sunan 'ya'yansu, suna faɗuwa, ana tashinsu da bulala. Ka dawo ba ka son jin ƙara. Ko dakan Inna sai ka tashi ka bar mata gidan. Daga nan ka fara kafa tsani, ka shige rumbun ƙasa ta sama, ka jawo murfi, ka yi zamanka har la'asar.

Ƙanenka Baba Nomau ya ce doguwa ce ta tare a rumbun tana kiranka, sai an yi maka wasan bori. Ni da nake koyarwa a lakkol, makarantar boko, kullum ina gaya wa ɗalibai babu wata doguwa. Amma na yarda. Ka san dalili? Kunya na ji. An fara cewa uban mushe, wato malamin lakkol, yana kwanci cikin rumbu kamar kaza, maganar har ta iske ni a Dogon Dutsi. Tsanin da ka yi ta nema, har ka zargi maƙwabta, ni na ɗauke shi, na ɓoye cikin karan gonar Baba Nomau. Ban taɓa gaya maka ba.

Kwana uku ana goge da ƙwarya a kanka. Ka toshe kunnuwa da hannu biyu, masu wasan suka ce iskar ce ke jin zafi, suka ƙara ƙaimi. Ka ɗago ka dube ni sau ɗaya, ni kuwa na shiga gyaran hulata. Bayan nan ba ka sake neman tsani ba, muka ce ka warke. Kafin girbi ka tafi.

Jiya da safe hatsin Inna ya kusa ƙarewa, babu wani namiji a gida, sai na hau rumbun. Na dira kan damman hatsi, zangarnu sun kewaye ni har wuya. Ban san abin da ya sa ba, na miƙa hannu na jawo murfin.

Baba, ban taɓa jin irin wannan shirun ba. Inna na daka a tsakar gida, ban ji ba. Jakin Baba Nomau mai tada unguwa, ko alamarsa. Na yi gyaran murya, hatsin ya shanye ta nan take. Na tafa hannu, tafin ya mutu a tafina. Na kira ka, kiran bai wuce leɓena ba, kuma babu bangon da ya dawo mini da shi. Da farko tsoro ya kama ni. Can sai kafaɗuna suka sauka, na ji wata gajiya da ban san ina ɗauke da ita ba. Ashe ɗan wannan kawai kake nema? Wurin da ba wanda zai ce ka kaɗa? Shi muka tara gari muka ƙwace maka?

Na daɗe a zaune. Da shirun ya yi nisa, sai na fara jin wani bugu cikin kunnena, a hankali, ba ya sauri ba ya tsayawa. Zuciyata ce. Bugun nan kuwa sak irin wanda kake yi wa masu diga. Nan na yi kuka, don na gane ko a rumbun ma gangar ba ta ƙyale ka ba, sauƙi kawai kake samu.

Ka yafe mini tsanin, Baba. Na gaji da ɗaukarsa. Baba Nomau ya nemi gangarka zai ba ɗansa, na ce a bar ta tukuna. Na jingine tsani a jikin rumbu, na roƙi Inna kada kowa ya ɗauke shi, ko da yake na san mai hawansa ba zai dawo ba.

Sai mun zo. Allah ya sa inda kake kwance, ko wannan bugun babu.

Ɗanka, wanda kake tsokana da Mushe,
Shaibu