Sai da Na Zagi Ƙanwata Na Iya Rubutu

Assalamu alaikum admin, sannu da ƙoƙari. Don Allah a ɓoye sunana. Masu saurin yanke hukunci kuma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku fara min wa'azi, na san halinku.

Ni marubuciya ce a Lafia, ko in ce haka nake kiran kaina. Muna da guruf na marubuta a waya, kowa ya turo shafinsa ranar Asabar, sauran su bi shi da "Masha Allah, Allah ya ƙara basira" ko da shirme ya zuba. Na daɗe ina rubuta labaran gidan bene a Abuja da jarumi mai ƙamshin turare, cikin Hausar Kano da na aro a littattafan wasu, ni da ban taɓa kwana a Kano ba. Ba mai karantawa. Su yi min masha Allah su wuce, irin wadda ake yi wa mai sabon ɗinkin da bai karɓe ta ba.

Sai 'yar ƙanwar mahaifiyata ta shigo, mu kira ta Falmata. Ni ce ma na saka ta a guruf ɗin. Ta fara turo labarin matan Adogi masu ɓarar agushi, da maganarmu ta nan yadda ake yin ta a kasuwa. Abin da nake gogewa a rubutuna don kunya shi ta baje, aka kuma yi ta muhawara a kai har washegari. Wai agushi. Haushi ya ci ni, na sayi sabon layi, na shiga da sunan bogi, na yi wa labarinta kaca-kaca. Na ce jarumarta ta fi ruwan Agusta zuba, na ce mijin jarumar ba shi da aiki sai ya leƙo ya ɓace kamar wutar lantarkin unguwarmu. Ban tsaya neman kalma mai ado ba, yadda nake yi wa ƙannena tsiya a tsakar gida haka na rubuta.

Kun san abin takaici? Mutanen da ba su taɓa gama shafina ɗaya ba su ne suka dinga yawo da zagin nan guruf-guruf. Munafukai. Wani malamin makaranta da ke jin shi ne uban adabi har da rubuta wai ga marubuciya ta gaske ta bayyana. Ni ce fa, wadda ya gama ce wa ta koma ta ƙara karatu. Na ci gaba duk Asabar, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, daɗi nake ji. Hannuna bai taɓa gudu a rubutu haka ba.

Falmata ta daina turowa. Ta same ni a gidanmu a Akurba, ta zauna bakin gado ido a kumbure, ta ce, "Yaya, wannan mata ya gama da ni. Amma abeg ki duba, ya iya rubutu fa. Kamar a gidanmu ya girma." Na ce ta ƙyale 'yar hassada. Ta ce, "Ke ne babba, ki ba shi amsa mana. In kin tsaya min zan ci gaba, in ba haka ba na bari."

Na zauna in kare ta da sunana na gaskiya, sai ga Hausar aron nan ta dawo, salam kamar kunun jiya. Na goge na sake, duk ɗaya. Wato ni ba ni da murya sai ina cin mutuncin jinina? Kunya nake ji, amma wallahi na fi raina waccan ni ɗin mai labaran gidan bene a kan masu tafa wa zagina.

In na faɗa mata ni ce mai zagin, uwata da uwarta ciki ɗaya suka fito, kun san inda maganar za ta kai. In na karya layin na yi shiru, na binne rubutu ɗaya tak da ya taɓa zama nawa. Jiya ta turo min sabon babi ni kaɗai, ta ce da ni kawai ta yarda. Na karanta, ya yi kyau ƙwarai, kuma kafin in kai ƙarshe har na gama tsara yadda zan yage shi. Me zan yi?