Humrar da na zuba a injin wanki

Assalamu alaikum mai wannan shafi da duk masu karatu, Allah ya sa kuna lafiya. Don Allah a ɓoye sunana, sunayen da ke ciki ma na sauya su. Ina roƙon ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni matar aure ce a Gashua. Maigidana fataucin tattasai da barkono yake yi. Mutum ne mai kyauta, amma zuciyarsa ta fi kayan sana'arsa yaji, in ya furta magana ba ya janye ta. Yana da wa guda ɗaya a Nguru, Ya Modu, mai sayar da firji da fanka da injin wanki, duk na hannu, shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu. Bara da na haifi Amira aiki aka yi mini, likita ya hana ni durƙuso, sai ga Ya Modu da injin wanki a bayan a-kori-kura, ya ce gudummawarsa ta suna ke nan.

Injin yana da 'yar durowa mai gida-gida. Ya Modu ya nuna mini inda ake zuba omo, na tambaye shi ɗaya gidan mai hoton fure, ya ce na ruwan ƙamshi ne da ake saye a kanti, ba dole ba ne. To ni jikar mai haɗa humra ce, a hannun kakata na koya, kuma ina ji da kaina a wannan fannin. Na ce a raina, ni da ke da humrar gado me zan yi da ruwan kanti? Na tsiyaya ta a gidan furen nan. Kaya suka fito suna tashin ƙamshi, maigida ya yaba, ni kuma kaina ya kumbura. Shi bai kawo komai a ransa ba, don dama kullum ina turara masa kaya a kan kabbasa, kwandon nan na turara kaya. Sai bayan sun bushe na riƙa ganin ɗigo-ɗigo kamar an yarfa musu man gyaɗa. Wallahi da farko ban zargi humra ba, har leƙa ƙarƙashin injin na yi ina neman inda mai ke zuba. Da na ga sabulun wanke kwano yana fitar da shi daga singileti da rigunan Amira, sai na share zancen. Ni da nake zuba mai a humra da hannuna, yaya aka yi na manta mai ba ya haɗuwa da ruwa?

Ana haka aka sa ranar auren Falmata, 'yar farin Ya Modu. Kun san baffa ke ba da aure, don haka Ya Modu ya aiko wa maigidana babbar rigar mahaifinsu, farar shadda mai aikin hannu, ita kaɗai ce suka ƙi rabawa a gado. Ya ce da ita yake so a ba da 'yarsa. Maigida ya ce in ajiye zai kai wa mai wanki. Neman suna ya sa ana kawo wuta na jefa ta a inji, na ƙara humra fiye da kullum, wai don ya cika wurin ɗaurin aure da ƙamshi. Ta bushe, ga tabo a ƙirji, ga shi a kafaɗa. Don ruɗewa na ɗora mata dutsen guga ina zaton zafi zai shanye man, ashe zaunar da shi na yi, ya koma rawaya. Garin neman gira na rasa ido. A nan na kai hancina kan tabon, na san abin da na aikata.

Da maigida ya dawo ya gani, sai ya tambaye ni me ya sami rigar Baba. Na ce, "Injin ne."

Kalma biyu kacal na faɗa. A gabana ya kira Ya Modu ya ce, "Ka tashi yi mini kyauta sai ka ba ni wanda ka rasa mai saye, ga shi ya ci rigar Baba." Daga nan tsofaffin maganganu suka yi ta fitowa, har da na gonar shinkafar da ban taɓa jin labarinta ba. Ina tsaye da Amira a baya ina kallonsa.

Washegari Ya Modu ya taso daga Nguru da kayan aikinsa. Ya kwance bayan injin, a bushe ƙaƙas, babu ɗigon mai. Ya jawo durowar, ya dangwala yatsa a gidan furen, ya kai hanci. Wa zai koya wa mutumin Nguru ƙamshin humra? Ko kallona bai yi ba, ya ce wa ƙaninsa robar ciki ce ta saki, laifinsa ne da bai duba ba, a yi haƙuri. Maigida ya ce haƙuri ba ya wanke riga, ya nemi wani ya ba da 'yarsa, shi ƙafarsa ba za ta taka Nguru ba. Ya shige ɗaki ya bar shi a tsakar gida.

Na bi Ya Modu har zaure na durƙusa, na ce, "Yaya, ni ce..."

Ya ce, "Na sani, Maman Amira. Ki yi shiru. Ni jininsa ne, duk fushinsa ba zai iya sakina ba. Ke fa?"

Tun ranar nake fama da rigar nan. Na gwada lemon tsami, na gwada alli da hoda, na jiƙa da ruwan zafi, tabon ya ɗan dushe amma yana nan yana kallona. Falmata ta kira ni tana kuka, wai Anti ki lallashi Baffa, ke yake jin maganarki. Yarinyar nan a kafaɗarsa ta girma, sunan mahaifiyarsu ne da ita. Da wane baki zan lallashe shi? Yau da safe na same shi zaune da rigar a cinyarsa, ya ce mini yanzu a duniya ni kaɗai ce ya tabbata ba zan cuce shi ba. Na shiga kicin na yi kukan da ban taɓa yi ba.

Ranar Asabar ne ɗaurin auren. In na yi shiru, wani bare zai ba da Falmata baffanta na raye, bawan Allahn da ya tausaya mini kuma ya ci gaba da ɗaukar kayana. In na faɗa, na saɓa wa Yaya da ya ce in yi shiru, kuma na san mijina: rigar zai iya yafewa, amma tsayuwar da na yi ina kallo yana zagin wansa fa? Wanda ya san abin da ke fitar da tabon humra daga shaddar da aka goge, don Allah ya taimaka mini, ko da yake na san ko rigar ta koma fara fat ba ita za ta kai shi Nguru ba. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?