Shuɗin Bangon Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta 'ya ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, amma labarin nan ya cika mini ciki, kuma ke kaɗai za ki gane shi.

Inna, ɗakinki na Kore Mairuwa ya tsage. Tun daminar bara bangon gabas ya buɗe har hannun yaro yana shiga. Yaya Sani ya aiko daga Kwatano aka gina wa Baba sabon ɗaki na siminti kusa da rumbu. Baba ya leƙa, ya sa albarka, ya koma tsohon ya shimfiɗa tabarmarsa. Kin dai san mijinki! Liman ya yi magana, Kawu ya yi magana, ni na yi kuka har na gaji. Ga damina ta ƙarato. Duk ranar da hadari ya haɗu ina gidana a Tibiri sai gabana ya faɗi, in ce yau ɗakin nan zai rufta da shi.

Sai na ce a raina, ko launin ne? Sabon ɗakin toka-toka yake, ba fara'a. Naki kuwa shuɗi ne mai haske, wanda ko da rana tsaka mutum ya shiga sai ya ji sanyi a idonsa.

Na shiga mota zuwa Dutsi. Mai kantin fenti ya baje mini wata takarda mai launuka, wallahi ban san shuɗi ya kai haka yawa a duniya ba. Na sayi 'yan ƙananan gwangwanaye na dawo, na bi bangon sabon ɗakin ina shafawa tabo-tabo. Ban yi gaggawa ba, don na tuna kina cewa, “Kada ki yaba launi yana ɗanye, bari ya bushe tukuna.”

Gaskiyarki. Wanda ya burge ni da safe, la'asar na yi ya koma duhu kamar rigar 'yan makarantar lakwal. Wani ya bushe ya karkata ga kore. Na riƙa ƙara fari ina juyawa, ina zuwa ɗakinki ina gwadawa da gurbin kwanonin jerenki, inda hayaƙi bai taɓa ba. Har yanzu zagayensu yana nan a bango, Inna, ko da yake an raba kwanonin.

Da na dace da shi, na sa aka shafe ɗakin duka, na kira Baba ina ta rawar jiki. Ko bangon bai tsaya kallo ba. Tafin hannu ya sa ya goga, ya duba hannun, ya ga fes. Ya ce, “Ya yi kyau, Rabi, amma wannan ba ya bin mutum.” Ya fita ya bar ni tsaye, raina a ɓace.

Ina wanke hannu abin ya faɗo mini. Ashe ke ba fenti kike shafawa ba! Duk gabanin Sallah sai ki jiƙa farar ƙasa a kasko, ki narka bula ta wanki a ciki, ki bi bango da tsumma kina 'yar waƙa. Baba ya zo ya jingina yana jin rediyo, ya tashi zuwa masallaci bayansa shuɗi shar. Ke kuma ki biyo shi har ƙofar gida kina kakkaɓe masa riga kina faɗa: “Malam, ka sake kwashe mini bango!” Shekara da shekaru kuna wannan faɗan, bai taɓa daina jinginar ba.

Gwaggo ta nuna mini inda kike haƙo farar ƙasa. Na jiƙa, na zuba bula, na shafe bangon da gado zai jingina, a kan fentin nan mai tsada. Da Yaya Sani ya ji a waya, cewa ya yi na haukace.

Da ya bushe, Baba ya shigo da hantsi ya zauna ya jingina. Yana miƙewa na ga bayan rigarsa ya yi shuɗi, ban san lokacin da na ce, “Haba Baba, ka kwashe mini bango!” ba. Inna, da muryarki ta fito. Ya yi dariya har yana share ido da hannun riga, rabon da in ji dariyarsa tun kina nan. Sannan ya ce in ɗauko masa tabarma da rediyo.

Ruwan fari ya sauka shekaranjiya, ko sama ban kalla ba. Ina kewarki, Inna, kewar da ban san inda zan ajiye ta ba. Rigar Baba tana wurina, ya ce in wanke masa kafin Juma'a. Zan wanke, ai zai sake kwaso wani.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yalwata miki shi, ya gafarta miki. Allah ya ba Baba lafiya, ya haɗa ku a Aljanna.

Taki har kullum,
Rabi