Lasifikar da Baba Ya Ji

Malumfashi, daren Asabar, Disamba 1985

Na gaji tiɓis, amma raina fari yake. Tun da na sayo bidiyo da talabijin bayan kakar auduga, Baba ba ya daɗewa a falo. Kunnensa ya yi nauyi. Yakan zauna yana kallon bakin mutane na motsi, can sai ya ɗauki sandarsa ya fita. Abin yana ci mini rai, shi ya sa yau na ɗauke shi muka tafi Funtua neman lasifika mai tsayawa a ƙasa.

Mai shagon ya fara kunna mana wasu dogaye, sun kusa kai mini kafaɗa. Har ƙasa rawa take yi.

"Malam, irin waɗannan manya ke saye," in ji shi.

Gaskiya sun burge ni. Na ce, "Baba, kun ji?"

"Ƙirjina ya ji, kunnena bai ji ba."

Na sa aka cire kiɗa, aka saka kaset ɗin wasan kwaikwayo, muka gwada wasu gajeru na katako, iya ƙugu. Ba a jima ba Baba ya tuntsire da dariya daidai inda ake raha. Ban ƙara tambayar kowa ba, na saye su.

Da muka dawo gida, Yaya Iliya ya ce na maƙwabcinmu sun ninka nawa tsawo. Su ninka ɗin, ni na san abin da na je nema.

Bayan tuwo muka kunna fim. Yara suka fara surutu, sai Baba ya ɗaga hannu.

"Ku yi mini shiru," ya ce, "ina saurare."