Na zaci A ɗin nan irin namu ne na Hausa

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma a yi mini uzuri kafin a yanke mini hukunci. Da hannuna nake rubuta wannan, a hankali, domin da furfura a gemuna na shiga ajin yaƙi da jahilci a Argungu. Noman albasa ne sana'ata. Ba wanda ya san ina zuwa ajin sai matata. Burina shi ne ranar da na ƙware in ɗauki takarda in karanta a gaban 'yar farina, in ga fuskarta.

Ita tana aure a Gesse, cikin Birnin Kebbi, tana haɗa bidiyon biki. Kwanan baya wani mutumin kudu mai shago a unguwar Nasarawa, wanda ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasu, ya haɗa mata kwamfutar tebur mai gilashi a gefe, cikinta duk fitilu. Sai dai fitilun ba sa tafiya tare. Na ciki shuɗi, na fankokin gaba kuma suna ta canza launi yadda suka ga dama. Ya ce ta jira wani ɗan akwati da ya yi oda, shi zai haɗa kansu. Da na kai musu albasa, ta yi ta mita, ta ce kamar mawaƙa ne kowa da nasa kiɗan. Sai ta shiga kicin ta bar ni da kwamfutar. Me ya kai ni? Na leƙa ta gilashin na ga wata siririyar waya tana reto, da 'yar takarda manne da ita, an rubuta ARGB. A jikin allon ciki kuma ga wasu ƙananan allurai, an rubuta RGB a ƙasansu. Wallahi murna ta kama ni, na karanta! Malaminmu ya koya mana cewa "a" kalma ce mai zaman kanta: a gida, a kasuwa, a gona. Na ce ashe cewa aka yi a sa ta a RGB, mai shagon ne bai lura ba. Na kashe kwamfutar, na kwance gilashin. Wayar ta ƙi shiga, ni kuma mutum ne mai haƙuri, na yi ta lallaɓa ta har ta zauna. Ina kunnawa fankokin suka yi wani farin haske, sai ƙauri, sai duhu. Nan take na zare wayar, na mayar da gilashin, na koma tabarma na ɗauki carbi.

Da aka kira mai shagon, ya shinshina, ya juya wayar ya ce, "Hajiya, wani ya taɓa wannan. Mai A a gaba wuta kaɗan take ci, wancan gurbin ya fi ƙarfinta nesa. Shi ya sa na ce a jira." Ta ce, "Wa zai taɓa? Baba kaɗai na bari nan, shi ko sunanshi bai iya karantawa." Jama'a, da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Mutumin ya dube ni, ya dubi carbina, ya ce, "Sannu Baba." Wannan sannun shi ke bina har gona. Ya gane ne? Ko tausayina ya ji?

Yanzu surukina ya rantse kayan jabu aka sayar musu. Ya ce ranar Asabar zai kai mutumin gaban shugabannin 'yan kasuwa, kuma zai sa hoton shagonsa a waya kowa ya gani. Na ce masa a yi haƙuri, ya ce, "Baba, kai ba ka san mutanen ga ba." Ni kuwa na san wannan. Mutum ne da ya san gaskiya ya haɗiye ta don kada ya kunyata dattijo a gidan 'yarsa. In aka ɓata masa suna a garin da ba nasa ba, wa zai sake taka shagonsa? Me zan ce wa Allah? Tun ranar ban koma aji ba, in na buɗe littafi A ɗin nan nake fara gani, sai in rufe.

In na yi magana, ranar da na daɗe ina tanadi ta zo ke nan, amma a gaban suruki, da ƙaurin waya. Abin da 'yata za ta fara sani game da karatuna shi ne na ƙona mata kaya, na zauna ina kallo ana zagin bawan Allah. In na yi shiru, Asabar na tafe. Na ɗauko 'yar takardar nan da ta ɓalle daga jikin wayar, tana cikin aljihuna. In je in karanta mata ita? Ku gaya mini, me zan yi?